Yarona ya yi jinkirin zama, tafiya ko magana, wa zai haɗa mana kan masu duba shi? Tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ne waɗanda iyaye suka fi yi min a bencin jiran likita da kuma ta waya, yawanci iyaye mata, wasu da goyo a baya wasu da fayil uku huɗu a leda. Na tara su ne saboda na gaji da ganin uwa tana yawo daga wannan ƙofa zuwa waccan, kowa ya duba ɓangarensa ya sallame ta, babu wanda ya zauna da ita ya ce to ga inda muka dosa da yaron nan. Na fi yin magana da uwa don ita na fi gani, amma maigida kai ma da kai nake.

Wai me ake nufi da jinkirin girma, kuma yaushe ya kamata hankalina ya tashi?

Ba tsayi ko nauyi ake nufi ba. Ana maganar abubuwan da yaro ke koya ne da kansa a lokacinsu: riƙe wuya, zama, rarrafe, tatata, kama abu da hannu, gwaranci, kiran mama da baba, kallon ido, wasa da yara. Kowane yaro da saurinsa, wannan gaskiya ne, amma saurin yana da iyaka. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka fitar a 2006, wanda har da yaran Ghana a ciki, ya nuna kusan duk lafiyayyun yara suna zama ba tallafi kafin su wuce wata 9 da 'yan kwanaki, kuma suna tafiya su kaɗai kafin wata 18. To in yaro ya kai wata 4 wuyansa na langaɓewa, ko wata 9 bai zauna ba, ko shekara ɗaya ba gwaranci kuma baya waiwayowa in an kira sunansa, ko wata 18 ba tafiya ba kalma ko ɗaya, ko shekara 2 baya haɗa kalma biyu kamar "ba ni" ko "mama zo", a kai shi a duba. Wanda ya fi duka gaggawa shi ne yaron da ya iya abu sai ya daina, da yana magana yanzu ya yi shiru, da yana tafiya yanzu baya yi. Wannan kar a kwana da shi.

In bakwaini ne, a cire makonnin da ya rage bai cika a ciki ba kafin a yi lissafin watanninsa, har ya kai shekara 2.

A gida kowa cewa yake in yi haƙuri, wai babansa ma sai da ya shekara uku ya yi magana. In jira?

Kar ki jira 'yar uwa. Mai yiwuwa ne kakarsa tana da gaskiya, akwai yara masu nauyin baki ko nauyin ƙafa da suke kamo 'yan uwansu ba a yi musu komai ba, amma daga gida ba ki da yadda za ki gane wanne ne naki. In kin kai shi aka ce lafiyarsa ƙalau, kuɗin mota kawai kika yi asara. In kuma akwai matsala kika zauna jira har shekara huɗu biyar, lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyo ya riga ya wuce, don a shekara ukun farko take yin mafi yawan girmanta. Ina yawan ganin yaro ɗan shekara shida an kawo shi ƙafafu sun riga sun ƙage, abin da da an fara miƙa su tun yana wata takwas da ba a kai nan ba, kuma abin yana min ciwo sosai don iyayen ba sakaci suka yi ba, haƙuri aka ce su yi suka yi.

To daga ina zan fara?

Daga asibitin da kike kai shi rigakafi. Ki faɗa wa ma'aikaciyar abin da kika gani ƙarara, kar ki ce "baya jin daɗi", ki ce "watansa goma bai zauna ba". Ki roƙi takardar tura ki wurin likitan yara. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri da na Jos su ne inda aka fi samun likitocin yara da suka ƙware kan ƙwaƙwalwa da jijiya, da sashen gashi wato fisiyo, da sashen kunne da na ido duk a harabar guda. Na kunne akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna, na ƙashi da takalman gyaran ƙafa akwai asibitin Dala a Kano. 'Yan uwanmu na Nijar, asibitin yara na CURE da ke Yamai yana gyaran lanƙwasassun ƙafafu da makamantansu tun 2010.

An tura mu wurin likitan yara, da fisiyo, da gwajin kunne, da masu kula da tamowa. Kowa da ranarsa, kowa da maganarsa, na rikice. Wa ya kamata ya haɗa duk wannan?

Wannan ita ce tambayar da ta sa na zauna rubutun nan gaba ɗaya. Yaro ɗaya ne, amma da zarar an ce yana da jinkiri sai a rarraba shi, ƙafa ta mai fisiyo, kunne na wani, baki na wani, farfaɗiya ta likita, abinci na masu tamowa, kuma mutanen nan da yawansu ba su taɓa zama sun yi maganar yaron tare ba, wani lokacin ma a asibiti ɗaya suke. Mai fisiyo bai san an ƙara maganin farfaɗiya ba sai ya ga yaro na ta barci a kan tabarma ya ce baya ƙoƙari. Masu kula da tamowa suna ta ba da abinci nauyi ya ƙi hawa, ashe yaron haɗiya ce ke masa wuya yana ƙwarewa, ba wanda ya tambayi uwar yadda yake ci.

A Amurka tun 1986 doka ta shigo da tallafin yara 'yan ƙasa da shekara 3, kuma a tsarinsu duk iyalin da aka karɓa ana haɗa su da mutum ɗaya, kodineta, aikinsa ke nan ya riƙe zaren. Cikin kwana 45 da kai rahoton yaro dole a gama auna shi a zauna da iyaye a rubuta tsari guda na iyalin, me ake so yaro ya cim ma, wa zai yi me, sau nawa, a ina, sannan duk wata 6 a sake zama a duba. Na kawo misalin ne don a ga cewa haɗa kai ɗin nan aiki ne mai zaman kansa, ba abu ne da ke faruwa da kansa ba.

A wurinmu kuwa gaskiyar magana kodinetan yaro uwarsa ce, ko ta shirya ko ba ta shirya ba. Tunda haka ne gara a yi shi da sani. Abu na farko ki zaɓi ma'aikaci ɗaya cikin masu duba shi wanda kika fi gani kuma kika fi sakewa da shi, sau da yawa mai fisiyo ne don shi ake gani akai-akai, ko wata nas, ki ce masa kai tsaye, "Don Allah ina so ka zama kai ne kake sanin duk abin da sauran suka ce." Da yawansu za su yarda, ba a taɓa roƙonsu ba ne kawai. Na biyu littafi guda ɗaya da zai dinga bin yaron duk inda ya je. Na uku a tsayar da buri biyu ko uku kacal na wata uku masu zuwa, waɗanda kowa ya sani. Kuma burin ya zama na rayuwar gida, ba "inganta tsoka" ba, a ce "ya zauna a cikin kwando ko kwali minti biyar ana ba shi kunu", ko "ya nuna kofi da hannu in yana son ruwa". In buri ya fito haka, mai fisiyo ya san nasa, mai koyar da magana ya san nasa, kaka ma ta san nata.

Sai maganar ranaku. Ki roƙi a haɗa miki su rana ɗaya ko kwana biyu a jere, musamman in daga nesa kike zuwa. Ba kullum ake dacewa ba don kowane kilinik da ranarsa, amma in ba ki tambaya ba ba wanda zai yi tunanin hakan.

Me zan dinga rubutawa a littafin? Ni karatuna bai yi nisa ba.

Littafin makaranta mai bango mai ƙarfi ya isa. Shafin farko sunan yaro, ranar haihuwa, yadda haihuwar ta kasance, ya yi kuka nan take ko an sha wuya, ya yi shawara, an kwantar da shi, ya taɓa sanƙarau ko zazzaɓi mai jijjiga. Daga nan duk wanda ya duba shi ki miƙa masa ya rubuta layi uku da hannunsa: me ya gani, me ya ce a yi a gida, yaushe za a dawo. Sunayen magunguna da awonsu su samu shafinsu daban. Takardun gwaji ki yi fotokwafi ki kuma ɗauke su hoto a waya, don fayil yana ɓata, na ga uwar da aka sa ta sake hoton ƙwaƙwalwa mai tsada saboda na farkon ya salwanta. In rubutun boko ne matsala ki rubuta da ajami, ko ki yi rikodin murya a waya kina fitowa daga ɗakin likita tun ba ki manta ba, ko yayarsa 'yar makaranta ta rubuta miki.

Bidiyo ma yana taimako ƙwarai. Yaro in ya ga farin kaya sai ya ƙi yin komai, amma bidiyon minti ɗaya na yadda yake ci ko yadda jijjigar ke kama shi ya fi dogon bayani.

Likita ya ce abu kaza, mai fisiyo ya ce akasin haka. Na wa zan bi?

Kar ki zaɓa ke kaɗai a ɓoye. Ki faɗa wa kowannensu abin da ɗayan ya ce, ki nuna littafin, in da hali su yi waya a gabanki. Sau da yawa ba saɓani ba ne, kowa wani abu daban yake nufi. Maganar magani dai ta wanda ya rubuta shi ce, musamman na farfaɗiya, ba a tsayar da shi farat ɗaya ko da jijjigar ta daina.

Magana ce baya yi, me ya kawo gwajin kunne? Ai yana ji, in na buga ƙofa yana juyowa.

Jin ƙarar ƙofa daban, jin kalmomi daban. Yaro na iya jin ganga da ƙarar babur amma sautukan magana ba sa isa gare shi sosai, kuma yara masu matsalar ji suna da kaifin lura, inuwarki ko motsin ƙasa ya isa ya juyo. Sanƙarau, shawara mai tsanani, ƙyanda, kunne mai zubar da ruwa da aka bari, duk suna taɓa ji. Ƙa'idar da masana kunne ke bi ita ce a gwada jariri kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6, ki ga nisan da ke tsakanin wannan da yadda muke ganowa sai an kai yaro makaranta. Gwajin baya ciwo, akwai wanda ake yi yaro na barci. In an tabbatar matsalar ji ce, na'urar ji da yaren hannu duka a fara da wuri, yaren hannu baya hana magana.

In kunne lafiya ne sai a duba sauran, har da galahanga, wato lalurar da likitoci ke kira autism, musamman in baya kallon ido, baya nuna abu da yatsa, ya fi son jera kaya ko juya abu shi kaɗai. Abu biyu da nake roƙo: kar a kai wa wanzami ya yanke jijiyar ƙasan harshe ko ya cire beli don yaro ya yi magana, jini da cuta kawai ake jawowa. Kuma jin Hausa da Fulatanci ko Turanci a gida ɗaya baya hana yaro magana, kar a daina yi masa yaren gida. Waya ce ya kamata a rage, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 bai kamata a zaunar da shi gaban allo ba.

Muna ƙauye, kuɗin mota ya fi ƙarfinmu, sau ɗaya a wata muke iya zuwa. Yana da wani amfani kuwa?

Yana da shi sosai, in an yi amfani da ranar yadda ya dace. Ko wanda ke zuwa duk sati, minti talatin ko arba'in yake samu, sauran awannin satin duk a hannunki yake. Saboda haka ranar da kika je kar ki zauna a gefe kina kallo, ki ce a koya miki, ki yi da hannunki a gabansu su gyara miki, ki ɗauki bidiyo. Sannan a saka atisayen cikin abin da dama kike yi: miƙa ƙafa lokacin shafa mai bayan wanka, kwanciyar rub da ciki a tabarma kina tsintar shinkafa a gabansa, goyo da ƙafafu a buɗe, hira da shi kina girki kina kiran sunan komai, ludayi, wuta, ruwa. Kujerar zama kafinta na unguwa zai iya haɗawa in mai fisiyo ya zana masa. Keken koyon tafiya mai taya da ake zura yaro a ciki kuwa ki bar shi, yana ƙara sa masu ƙagewar ƙafa tafiya da yatsu.

Wajen ci, a zaunar da shi kai a miƙe, kar a yi masa ɗura yana kwance, kunu mai ɗan kauri ya fi ruwa-ruwa sauƙin haɗiya ga yawancin masu ƙwarewa. In yana tari duk cin abinci ko yana yawan ciwon ƙirji, a faɗa wa likita da wannan kalmar.

Me ya jawo masa? Laifina ne?

Ba laifinki ba ne. Abubuwan da muka fi gani su ne doguwar naƙuda da jariri bai yi numfashi da wuri ba, shawarar jarirai da ta hau ƙwaƙwalwa, haihuwa kafin lokaci, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, tamowa, sikila in ta kawo shanyewar ɓarin jiki, sai waɗanda halitta ce tun daga ciki. Wasu kuma duk gwajin duniya ba a gano dalili, kuma rashin gano dalilin baya hana a fara taimako yau.

Shawara nake so in tsaya a kanta saboda ƙannensa masu zuwa. Jariri in idonsa ya yi ɗorawa a kwanakin farko asibiti ake kai shi a auna jini a sa shi a fitilar maganin shawara, shanya shi a hantsi da ruwan gulukos ba sa maganin mai tsanani. Kafur da ake sa wa a kayan jarirai yana fasa jinin wasu yaran ya tayar da shawarar, a cire shi. Sai dalma: abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana daka dutsen zinare mai ɗauke da gubar dalma a cikin gida, waɗanda suka rayu da yawa ya bar musu rauni a ƙwaƙwalwa. Wani kwallin ma da ake sa wa jarirai an gwada an samu dalma a ciki.

Wasu na cewa ɗan ruwa ne ko an musanya shi, a kai shi wurin masu magani.

Ɗanki ne, ɗan Adam ne, amana ce Allah Ya ba ku. Langaɓewar jiki da dalalar miyau da rashin zama duk suna da bayani a ƙwaƙwalwa da jijiya. Addu'a da tofi ba su hana asibiti, ki yi duka, ni ban taɓa ce wa uwa ta bar addu'a ba. Inda nake ja shi ne duk abin da zai cutar da yaron: tsaga, ƙona ƙafa da wuta lokacin jijjiga, tura cokali a baki, hayaƙi a rufaffen ɗaki, jiƙe-jiƙen da ba a san awonsu ba, ko a ce a ajiye maganin asibiti. In jijjiga ta kama shi a kwantar da shi ta gefe, in ta wuce minti 5 a nufi asibiti. Kuma duk abin da ake ba shi na gargajiya a rubuta a littafin, likita na buƙatar sani.

Akwai maganin ƙwaƙwalwa da ake talla a Facebook da kamis, wai yana sa yaro ya yi tafiya. In saya?

A'a. Ba wani sirof ko allura da ke gyara ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya samu rauni. Kuɗin ki sa a ƙwai, wake, gyaɗa, kifi, da motar zuwa fisiyo.

Ni ne uban. Ina biyan kuɗi, me kuma ake so in yi?

Allah Ya saka da alheri Malam, kuɗin ba ƙaramin abu ba ne. Amma ka je asibitin ko sau ɗaya cikin uku ka ji da kunnenka, don in ta dawo ta faɗa sai a ce ita ta ƙara gishiri. Kai ne za ka iya tsayawa gaban dangi ka ce ba laifin matarka ba ne, kai ne in ka ɗauki yaron ka fita da shi ƙofar gida unguwa za ta daina ƙus-ƙus. Ka ɗauki atisaye ɗaya ya zama naka, ko na bayan magariba ne. Kuma ka lura da ita, uwayen yaran nan da yawa ba sa barci, bayansu na ciwo saboda goyon yaro mai nauyi, wasu damuwa ta kama su ba wanda ya tambaye su ya suke. A samu wata a gidan, kaka ko ƙanwa ko abokiyar zama, ta koyi ba shi abinci da ɗaukarsa, don ranar da uwar ta kwanta ciwo ko ta haihu kar komai ya tsaya.

Ya kusa shekara huɗu. Makaranta fa?

A fara shiri wata shida kafin a kai shi. Ki je da littafin ki zauna da malamar ajin, ki faɗa mata yadda yake nuna yana son fitsari, me ke tayar masa da hankali, wane gefe ya fi ji, a ina ya kamata ya zauna. Yara da yawa masu jinkiri za su iya zama a nazare ko islamiyyar unguwa tare da sauran yara in malama ta fahimta, kuma zama cikin yara kansa koyarwa ne. Wasu kuma sai makaranta ta musamman irin ta Tudun Maliki a Kano. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ce a fara sallamarsu a layi. Aiki da ita bai kai ko'ina ba, amma sanin tana nan yana ba ki bakin magana gaban hedimasta.

Zai warke ya zama kamar sauran yara?

Ya danganta da abin da ya jawo. Wanda tamowa ce ko rashin ji ko ƙarancin masu yi masa hira, in an kama da wuri da yawa suna kamo 'yan uwansu. Wanda ƙwaƙwalwa ta samu rauni, raunin baya gogewa amma kuma baya ƙaruwa, kuma yaron yana ci gaba da koyo, wani zai yi tafiya da kansa, wani da sanda, wani a keke, wani zai yi magana da baki wani da hannu ko hoto. Duk wanda ya ce miki ga ranar da zai tashi ya yi gudu, ko ya ce miki ba abin da zai taɓa iyawa, ki nemi jin ta bakin wani likitan. Abin da nake yi da iyaye shi ne duk wata uku mu buɗe littafin mu duba buri ukun nan, wanda ya samu mu sa masa alama mu rubuta sabo, wanda ya ƙi kuma mu tambayi dalili, ko ya yi masa girma ne a rage shi, ko akwai wanda ya kamata ya gan shi da ba a tura ku wurinsa ba tukuna, sai a rubuta takardar turawa a ranar kafin ki tashi.